Yadda Ake Gano Matsala Idan Manhajar Kwamfuta Ta Kasa Tayar da Sikirif Ɗinta

Yawancin manhajojin da ake aiki da su a shaguna, kantunan magani, makarantu da ofisoshi a nan Garwa ba su kaɗai suke yin aikinsu ba. Abin da kake gani a allo, maɓallai da launuka, fuska ce kawai. A bayanta akwai ƙananan fayilolin umarni, wato sikirif, waɗanda mai manhajar ya haɗa su da ita: wannan na fitar da rasit, wancan na ajiye kwafin bayanai, wani na juya cinikin rana zuwa Excel. Sunayensu kan ƙare da .bat, .cmd, .ps1, .py ko .sh, wani lokaci kuma an riga an mayar da su .exe. Idan ka danna maɓalli, manhajar ce take tura sikirif ɗin ya yi aiki ya dawo mata da sakamako.

Ranar da abin ya tsaya, alamunsa sanannu ne. Baƙar taga ta buɗe ta rufe kafin ka kyafta ido. Ko saƙo ya fito da Faransanci mai tsawo. Ko kuwa shiru, ka yi ta dannawa babu abin da ya motsa. Abin da ke ci mini rai shi ne maganin da wasu masu gyara suke fara kawowa: a yi wa kwamfuta fomat. Mutum ya rasa lissafin shekara guda, ya biya kuɗin aiki, a sake saka manhajar, matsalar ta dawo daidai yadda take, domin tun farko ba Windows ne ya lalace ba.

Ka ɗauki manhaja a matsayin maigida da ya aiki yaro. Aike na lalacewa ne idan yaron ba ya nan, ko an yi masa kwatancen da ba daidai ba, ko ya je an hana shi shiga, ko ya tarar ba ya jin yaren mutanen gidan. Kusan duk kuskuren da za ka gamu da shi yana cikin waɗannan, kuma kwamfuta takan faɗi wanne ne da bakinta. Aikinka shi ne ka tsayar da ita ta faɗa a inda za ka karanta.

Mataki na 1: Kama saƙon, kuma ka ajiye bayananka

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton saƙon da waya, gaba ɗayansa har layin ƙarshe. Kada ka taƙaita shi da "ya ce erreur". Kalma ɗaya a ciki ita ce ke raba matsalar izini da ta adireshi. Sannan ka kwafe foldar bayanan manhajar zuwa wani fulash mai tsabta. Idan kwamfutar tebur ce marar batir, yi wannan da wuri, ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba.

Tambayi kanka kuma: me ya canja tsakanin ranar da take aiki da yau? An canja wa folda suna? An saka sabon antibairos? An ɗauko manhajar daga wata kwamfuta? Wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki? Amsar wannan tambaya kan rage rabin neman.

Mataki na 2: Tayar da sikirif ɗin da hannunka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Baƙar tagar nan da ke ɓacewa tana rubuta dalili kafin ta rufe, saurinta ne ya hana ka gani.

Danna dama a kan alamar manhajar da ke kan allo, ka zaɓi `Ouvrir l'emplacement du fichier`. Zai kai ka foldar da aka girka ta. A sama, cikin `Affichage`, kunna `Extensions de noms de fichiers` domin ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil. Nemi sikirif ɗin. Galibi yana cikin wata folda mai suna `scripts`, `resources`, `bin`, `tools` ko `_internal`. Idan ka same shi, danna wurin da adireshin foldar yake a sama, goge abin da ke ciki, rubuta `cmd`, ka buga Entrée. Baƙar taga za ta buɗe a daidai wannan foldar, kuma wannan karon ba za ta gudu ba.

Rubuta sunan sikirif ɗin. A ce sunansa rasit.bat:

`rasit.bat`

Idan na Python ne:

`python rasit.py`

Da ya gama, nan take ka rubuta:

`echo %ERRORLEVEL%`

Lambar da ta fito ita ce rahoton da sikirif ya bari. Sifili na nufin ya gama lafiya. 9009 na nufin Windows bai sami umarnin da aka kira ba. A Linux da Mac ana duba wannan da `echo $?`, inda 127 ke nufin ba a sami umarnin ba, 126 kuma an same shi amma an hana shi tashi.

Idan rubutun ya yi yawa har ya wuce allo, tura shi cikin fayil:

`rasit.bat > "%USERPROFILE%\Desktop\kuskure.txt" 2>&1`

Ga masu allon rubutu na AZERTY, alamar `\` tana kan AltGr da 8. Na sha ganin yara masu koyo sun tsaya cak a nan suna neman ta.

Yanzu hanya ta rabu biyu. Idan sikirif ɗin ya faɗi a hannunka ma, to ga saƙon a gabanka, ka bi matakan da ke ƙasa da shi. Idan kuwa ya yi aiki sumul a hannunka amma ya ƙi daga cikin manhaja, to shi lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana yadda manhajar ke kiransa: daga wace folda, da wane izini, da waɗanne haruffa. Matakai na 4, 6 da 7 su ne naka.

Mataki na 3: Shin fayil ɗin yana nan kuwa?

Saƙon da ke nuna wannan shi ne `Le fichier spécifié est introuvable`, ko `WinError 2`, ko `ENOENT`. A kwamfutocin da suka shigo ta Mubi ko Yola da Windows na Turanci za ka ga `The system cannot find the file specified`. Duk magana ɗaya ce.

Fara da zif. An turo maka manhaja ta WhatsApp a ƙunshe, ka danna sau biyu, Windows ya nuna maka cikinta kamar folda ce, ka danna .exe daga nan. Abin da Windows ke yi shi ne ya zaro wannan fayil ɗaya tak zuwa wurin wucin gadi, ya bar sauran a ƙunshe. Manhaja ta buɗe, ta nemi sikirif ɗinta a gefenta, babu. Danna dama a kan zif ɗin, zaɓi `Extraire tout`, sannan ka yi aiki daga foldar da ta fito.

Na biyu, antibairos. Ya kan ɗauke sikirif shiru, musamman .exe da aka haɗa da PyInstaller, kayan aikin da ke mayar da sikirif ɗin Python zuwa .exe, domin irin ƙunshinsa ya yi kama da na wasu miyagun fayiloli. Shiga `Sécurité Windows`, sai `Protection contre les virus et menaces`, sai `Historique de protection`. Idan ka ga sunan fayil ɗinka a nan, ka tsaya ka yi tunani kafin ka dawo da shi. Daga hannun mai manhajar kai tsaye ka karɓa, ko kuwa ya bi ta fulash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu na unguwa? Idan na biyun ne, mai yiwuwa antibairos ne mai gaskiya. Nemi sabon kwafi daga tushe. Idan ka tabbatar da tsabtarsa, ka keɓe wannan foldar ita kaɗai daga binciken antibairos. Kashe antibairos gaba ɗaya domin rasit ya fito ba dabara ba ce, a gari irin namu da fulash ke yawo hannu zuwa hannu.

Akwai kuma bairos ɗin nan na fulash da kowa ya sani, mai ɓoye foldoji ya bar gajerun alamomi a madadinsu. Wanda ya kwafi manhaja daga irin wannan fulash, alamar kawai ya kwafa. Duba girman abin da ka kwafa. Idan bai wuce kilobait kaɗan ba, ba manhaja ba ce.

Sai saukarwar da ta katse. Intanet ya yanke a tsakiya, fayil ya sauka rabi, sunansa na nan amma cikinsa bai cika ba. Tambayi wanda ya turo girman fayil ɗin a wurinsa, ka gwada da naka.

Mataki na 4: Adireshi

A nan ne Windows na Faransanci ke da tarkon da ke kama mutanenmu fiye da kowa. Idan ka buɗe C: za ka ga foldoji masu suna `Programmes` da `Utilisateurs`, a cikin naka kuma `Bureau` da `Téléchargements`. Waɗannan sunaye na ido ne kawai. Tun daga Windows Vista, ainihin sunayen a kan faifai su ne `Program Files`, `Users`, `Desktop` da `Downloads`. Wanda ya buɗe saitin manhaja ya rubuta `C:\Utilisateurs\Kanti\Bureau` da hannunsa, bisa abin da idonsa ya gani, ya rubuta adireshin da babu shi. Amsar da zai samu ita ce `Le chemin d'accès spécifié est introuvable`. Domin ka ga sunan gaskiya, danna wurin adireshi a saman foldar, zai juye zuwa na ainihi. Daga nan za ka kwafa.

Tarko na biyu shi ne tazara a cikin suna. `Program Files` kalma biyu ce. Idan sikirif ya kira adireshin ba tare da alamar zance ba, Windows zai yanke shi a tazarar farko, ka ga saƙo kamar haka: `'C:\Program' n'est pas reconnu en tant que commande interne ou externe`. Da ka ga adireshi ya yanke a daidai inda tazara take, ka gano cutar. Buɗe .bat ɗin da Bloc-notes, ka rufe adireshin da alamar zance a farko da ƙarshe. Haka abin yake idan sunan mai kwamfutar kalma biyu ne, ko foldar ta zama `Nouveau dossier (2)`. Gwajin da ya fi sauri: kwafi manhajar zuwa adireshi gajere marar tazara, kamar `C:\kanti`, ka gwada daga can. Wannan gwajin yana kuma kawar da matsalar tsawo, domin manhajoji da yawa har yanzu ba sa iya wuce haruffa 260 a adireshi.

Na uku ya fi wuyar gani, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Kowane shiri da ke aiki yana da foldar da yake tsaye a ciki. Idan sikirif ya ce a buɗe `farashi.csv` ba tare da cikakken adireshi ba, za a nemi fayil ɗin ne a foldar da yake tsaye, ba lallai foldar da sikirif ɗin yake ajiye ba. Lokacin da ka tayar da shi da hannu a Mataki na 2, kana tsaye a foldarsa, shi ya sa ya yi aiki. Manhaja kuwa tana iya kiransa daga wani wuri daban. Idan ma an buɗe .bat da `Exécuter en tant qu'administrateur`, zai tsinci kansa a `C:\Windows\System32`, inda babu farashi.csv.

Gyara biyu ne. Danna dama a kan alamar manhajar, shiga `Propriétés`, ka duba layin `Démarrer dans`. Ya kamata ya nuna foldar manhajar. Idan babu komai a ciki, ko yana nuna tsohuwar folda, gyara shi. Wanda ya fi ɗorewa kuma shi ne a sa wannan layin a farkon .bat ɗin:

`cd /d "%~dp0"`

Ma'anarsa, koma foldar da wannan fayil yake kafin ka yi komai. Layi ɗaya ne, amma ya tashi manhajoji da yawa da aka yanke musu ƙauna.

Mataki na 5: Wa zai karanta sikirif ɗin?

Fayil ɗin .py ba ya tashi da kansa, sai da Python. Mai manhajar yana da shi a kwamfutarsa tun tuni har ya manta cewa ba kowa ke da shi ba. A baƙar taga rubuta:

`where python`

sannan `python --version`. Idan babu, ka sami dalili. Idan adireshin da ya fito yana ɗauke da `WindowsApps`, ka lura sosai: a Windows 10 da 11 akwai wani python.exe na bogi wanda aikinsa kawai ya tura ka Microsoft Store. Manhaja ta kira shi, ya dawo mata da 9009 ba tare da ya yi komai ba. Rubuta `alias` a wurin bincike na Windows, buɗe `Alias d'exécution d'application`, ka kashe na python.exe da python3.exe. Sannan ka girka Python na gaske, irin lambar da mai manhajar ya faɗa, kuma a tagar farko ta girkawa ka sa alama a akwatin da ke ƙara shi cikin PATH, wato jerin foldojin da Windows ke neman umarni a cikinsu.

Bayan haka rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Shiri yana karɓar PATH ne a lokacin da ya tashi, wanda ke buɗe tun ɗazu bai san an canja komai ba. Idan kana shakka, sake kunna kwamfutar.

Idan saƙon `ModuleNotFoundError` ne, Python na nan amma wani ɗan kayan aikin da sikirif ke buƙata ne babu. Sau da yawa Python biyu ne a kwamfutar, aka zuba kayan a ɗaya, manhaja na kiran ɗayan. `where python` zai jero su duka, na sama shi ake kira. Ka girka kayan da `python -m pip install` sannan sunansa, domin ya shiga daidai wanda ake kira.

Mataki na 6: Izini

`Accès refusé`, `WinError 5`, `EACCES` ko `PermissionError`. Mafi yawan lokuta sikirif ɗin yana ƙoƙarin rubuta fayil ne a cikin `Program Files`, wurin da Windows ba ya barin mai amfani na yau da kullum ya yi rubutu. Gwada buɗe manhajar sau ɗaya a matsayin administrateur. Idan ta yi aiki, ka tabbatar da dalili, amma kada ka mayar da hakan ɗabi'a. A canja wurin ajiyar zuwa Documents, ko mai manhajar ya mayar da shi `%APPDATA%`. Wani dalilin mai sauƙi: fayil ɗin da sikirif ke son rubutawa yana buɗe a Excel. Rufe shi.

Fayil ɗin da aka sauke daga intanet yana zuwa da tambari a ɓoye. Danna dama a kan zif ɗin, `Propriétés`, can ƙasa idan ka ga `Débloquer` ka sa masa alama, sannan ka warware zif ɗin. A yi wannan kafin warwarewa, in ba haka ba tambarin zai bi fayilolin da ke ciki.

Na .ps1 kuma saƙonsa daban ne, yana cewa `l'exécution de scripts est désactivée sur ce système`. A Windows na gida PowerShell, mai karanta .ps1, yana zuwa ne a rufe. Ba sai an buɗe shi ga kowa da kowa ba, a kira wannan sikirif ɗin kaɗai haka:

`powershell -ExecutionPolicy Bypass -File "ajiye.ps1"`

Idan kwamfutar ofis ce ko ta wata ƙungiya mai ma'aikacin kula da na'urori, shi za ka kira, domin mai yiwuwa da gangan aka rufe.

Ɗalibanmu na Ngaundare da Marwa masu Ubuntu, naku biyu ne. `Permission non accordée` na nufin fayil ɗin ya rasa izinin tashi, abin da ke faruwa idan ya bi ta fulash mai FAT32 ko exFAT, domin waɗannan ba sa riƙe izinin Linux. `chmod +x ajiye.sh` ya wadatar. Idan kuma ka ga `^M` ko `\r` a saƙon, an rubuta sikirif ɗin ne a Windows, ƙarshen layukansa bai dace ba. `dos2unix ajiye.sh` zai daidaita shi.

Mataki na 7: Haruffa da lambobi irin namu

Wannan ba za ka cika samunsa a bayanan da aka rubuta don wasu ƙasashe ba, amma mu yana cizonmu ta fuska biyu, ta Faransanci da ta Hausa.

Ga misali a kusa. Kantin kayan masarufi a babbar kasuwa, rasit na fita lafiya tun safe. Da azahar wani ya sayi ƙwai, yaron kanti ya rubuta sunan kayan da ƙ mai lanƙwasa, ya danna bugawa, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Rasit ɗin wanda ya sayi sukari bayansa ya fita. Sai a ce firinta ce take wasa. Idan ka buɗe rahoton kuskure za ka ga `UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199'`. Wannan lambar ita ce ƙ. Ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Tsohon tsarin haruffan da Windows na Faransanci da na Turanci ke amfani da shi, cp1252, yana da é da ç amma ba shi da namu. Abin da ke rikita mai gyara shi ne, idan ya gwada sikirif ɗin a baƙar taga, Python na zamani zai nuna ƙ ba gardama. Sai lokacin da manhaja ce ke karɓar abin da ya rubuta ne yake komawa cp1252 ya faɗi.

Maganin yana hannun mai sikirif: ya sa `sys.stdout.reconfigure(encoding="utf-8")` a farko, ya kuma rubuta `encoding="utf-8"` a duk inda ya buɗe fayil. Idan Python na kwamfutar ake kira, saita `PYTHONUTF8=1` ma na yi, tun daga Python 3.7. Kada a ce wa yaron kanti ya daina rubuta Hausa daidai domin manhaja ta samu sauƙi. Manhajar ce za a gyara.

Fayil ɗin .bat kuma yana tuntuɓe da é. Baƙar tagar Windows na Faransanci tana karatu da tsarin 850, Bloc-notes na yanzu kuma yana ajiyewa da UTF-8. Folda mai suna `Données` sai ta koma wasu alamomi marasa ma'ana, a ce ba a same ta ba. Sa `chcp 65001` a saman fayil ɗin, ko ka canja wa foldar suna zuwa haruffa marasa ado.

Lambobi ma haka. Windows na Faransanci yana rubuta 12,5 da waƙafi a inda na Turanci ke sa ɗigo, yana raba dubbai da tazara, Excel ɗinsa kuma yana raba ginshiƙan CSV da `;` maimakon `,`. Sikirif ɗin da aka rubuta a kwamfutar Turanci, aka kawo shi Kusiri ko Injamena, zai ga farashin sefa `12 500` ya ce `ValueError`. Idan kuskuren ya ambaci wata lamba daga cikin bayananka, nan za ka duba.

Mataki na 8: Tsohon Windows

Har yanzu akwai Windows 7 da yawa a shagunanmu, duk da cewa Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kansa. Abin da aka haɗa da 3.9 ko sama zai ce `api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll` ya ɓace. A Electron, wani kayan aikin haɗa manhajoji, lamba 22 ce ta ƙarshe ga Windows 7 da 8. Saƙon `n'est pas une application Win32 valide` kan nuna an kawo shirin bit 64 ga Windows mai bit 32. Idan `VCRUNTIME140.dll` ko `MSVCP140.dll` aka ce babu, girka Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft. Kada ka sauke fayil ɗin dll ɗaiɗai daga shafukan da ba ka sani ba, ta nan bairos ke shiga.

Idan kai ne ka rubuta manhajar

Ɗan'uwa, kalmar "ai a wurina tana aiki" ba ta fitar da kai. Kwamfutarka cike take da kayan da babu su a wurin mai kanti.

Idan PyInstaller ka yi amfani da shi, fayilolin da ba Python ba sai ka sa su da `--add-data`, ba ya ɗaukarsu da kansa. Kuma bayan haɗawa ba sa nan inda suke a da. A tsarin fayil ɗaya ana warware su ne cikin wata folda ta wucin gadi mai farawa da `_MEI`, a tsarin folda kuma, daga PyInstaller 6, suna cikin `_internal`. A duka biyun `sys._MEIPASS` zai ba ka adireshin. Ka kiyayi `sys.executable`: bayan haɗawa ba Python yake nunawa ba, manhajarka yake nunawa. Idan ka kira sikirif da shi, manhajar za ta yi ta buɗe kanta, taga bayan taga. Ya fi maka ka shigo da sikirif ɗin da `import` ka kira aikinsa kai tsaye. Idan kana amfani da multiprocessing, kada ka manta `freeze_support()`. Da `--noconsole` kuma, `sys.stdout` na zama babu, duk abin da ya yi ƙoƙarin rubutu a kansa kai tsaye zai faɗi. Yayin bincike, haɗa kwafi ɗaya mai baƙar taga domin ka ga abin da ke faruwa.

Idan Electron ne, fayilolinka suna shiga cikin `app.asar`, wanda ƙunshi ne ba folda ba. Electron na iya karanta cikinsa, amma Python ko cmd ba za su iya ba, shi ya sa `spawn` ke dawo da `ENOENT`, ko sikirif ya ce bai ga kansa ba. Fitar da shi da `extraResources` ka nemo shi ta `process.resourcesPath`, ko ka yi amfani da `asarUnpack` ka nuna `app.asar.unpacked`. Sannan tun gyaran tsaron da Node.js ya yi a Afrilun 2024, kiran .bat ko .cmd da `spawn` ba tare da `shell: true` ba yana ba da `EINVAL` a Windows. Idan ka kunna shi, rufe adireshi da alamar zance, kuma kada ka zuba abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin umarnin.

Akwai kuma sikirif mai sandarewa, bai faɗi ba bai gama ba. Ko dai yana jiran a buga masa wani maɓalli, saboda `pause` ko `input()` da ka manta a ciki alhali babu tagar da za a buga, ko kuwa ya yi rubutu da yawa manhajarka ba ta kwashewa, bututun ya cika ya tsaya. A Python `subprocess.run` da `capture_output=True` da `timeout` na magance na biyun, ya kuma hana na farkon riƙe manhajar har abada.

Abin da na fi roƙonka shi ne rahoto. Duk lokacin da manhajarka ta kira sikirif, ta rubuta a fayil cikakken umarnin da ta bayar, foldar da take tsaye, lambar da ta dawo, da duk abin da ya fito ta `stderr`. Ajiye shi a `%LOCALAPPDATA%`. Mai kanti a Yagwa ba zai iya kwatanta maka kuskure ta waya ba, amma zai iya turo maka wannan fayil ɗin. Kafin ka miƙa aiki kuma, gwada shi a kwamfutar da ba a taɓa saka Python ko Node a cikinta ba, mai Windows na Faransanci, da sunan mai amfani mai tazara da é a ciki, ka sayar da ƙwai da ɗanwake a gwajin.

Idan duk wannan bai yi ba

Sauke Process Monitor daga Sysinternals na Microsoft, kyauta ne. Buɗe shi, tace da sunan manhajarka, danna maɓallin da ke ba da matsala, sannan ka tsayar da ɗauka. Duba layukan ƙarshe masu `NAME NOT FOUND`, `PATH NOT FOUND` ko `ACCESS DENIED`. Za ka ga da yawa waɗanda ba komai ba ne, domin Windows na leƙa wurare da dama kafin ya sami abu, don haka ka nemi wanda ke ɗauke da sunan sikirif ɗinka ko fayil ɗin bayananka. Zai nuna maka daidai adireshin da manhajar ta je nema.

Daga nan ka tura wa mai manhajar hoton saƙon, fayil ɗin kuskure.txt da ka fitar a Mataki na 2, adireshin da ka girka ta, abin da `winver` ya nuna, ko Windows ɗin na Faransanci ne ko na Turanci, da sunan antibairos ɗinka. Ka kuma gaya masa ko sikirif ɗin ya yi aiki da ka tayar da shi da hannu.